Kakin Baba ya koma kore, wai akwai gwajin da ke nuna tsananin ciwon?

Maman Hanif:
Salam jama'a, dan Allah masu ilimin lafiya ku taimaka min. Babanmu ya yi tarin fuka shekara 6 da suka wuce, ya sha magani wata 6 cif aka ce ya warke, amma tarin bai taɓa rabuwa da shi ba. Kullum da asuba kafin ya yi alwala sai ya kusa cika gwangwanin madara da kaki, wata rana fari-fari wata rana kore shar har da wari. An maimaita gwajin tarin fuka na GeneXpert sau 2 ba a ga komai ba, sai da aka yi siti sikan likita ya ce bututan iskar huhunsa ne suka buɗe suka lalace, wai bironkiyektasis. Toh jiya ƙanina ya ce akwai wani sinadari a cikin kakin da ake aunawa a gane ko ciwon ya yi nisa. Da gaske ne? Kuma a ina ake yi?

Abu Sadik:
Wa alaikis salam, Allah ya ba Baba lafiya. A ɗakin gwaji nake aiki, kuma ƙaninki bai yi ƙarya ba. Sunan sinadarin ilastes, fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil ne ke fesa shi don su narkar da ƙwayoyin cuta. Matsalar ita ce idan majina ta kwanta a bututun da ya buɗe, ƙwayoyin cuta sun samu gida ke nan, nutrofil su yi ta tururuwa ba ƙaƙƙautawa har ilastes ɗin ya yi yawa ya koma cin huhun da ya zo karewa, yana narkar da zaren da ke sa huhu ya miƙe ya koma, yana lalata ƙananan gashin da ke sharo majina waje, kuma ya ƙara tsinko wata majinar. Hanta tana yin wani sinadari mai taka masa burki amma a irin wannan huhun sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

A 2017 masu bincike a Dandi ta Sikotland sun auna shi a kakin mutum 381 masu wannan ciwo, suka ga waɗanda nasu ya fi yawa su suka fi yawan tashin ciwo kuma ƙarfin huhunsu ya fi saurin raguwa. Sai dai gwajin har yanzu yawanci na bincike ne, mu dai ba ma yinsa. Kar ki wahalar da tsoho da yawon nemansa. Koren nan da kike gani ma daga nutrofil yake, wani sinadarinsu ne daban mai launin kore, duk sanda ya ƙara duhu to sun ƙara yawa a ciki.

Hajiya Ta Kudu:
Yata ni ma da shi nake zaune, shekara 9 ke nan. Abin da ya fi taimakona wlh ba ƙwaya ba ce, koya min aka yi na kwanta ta gefe na ja numfashi a hankali sannan na huro da ƙarfi kamar mai hura madubi, safe da yamma har kakin ya fito. Ya riƙa shan ruwa sosai. Hunturu kuwa ba na fita ba takunkumi, girkin itace ma tuni na sallama wa yara.

Dan Birni:
Ku gwada zuma da habbatus sauda, in sha Allah za a dace

Abu Sadik:
Zuma tana sanyaya maƙogwaro malam, amma ba ta kai wa cikin bututun. Maman Hanif abin da za ki nema su ne gwajin shuka kaki a ga wace ƙwaya ce a ciki, musamman Sudomonas don ita ce mai taurin kai, da gwajin hura iska a na'ura. Sannan ki ƙirga sau nawa ciwon ya tashi a shekara har aka ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, daga sau 3 zuwa sama likitoci ba sa wasa da shi. In kika ga jini a kakin ko zazzaɓi ko numfashi na sarƙewa, ranar za ku je asibiti.

Af na manta, a Agustan 2025 Amurka ta amince da wani magani Brinsupri, yana hana ilastes ɗin ƙosawa tun daga ɓargo inda ake yin nutrofil, ya rage tashin ciwon da kusan kashi 20 cikin 100. Kuɗinsa dai sai masu hannu da shuni na can.

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Yanzu na kira Mama muka ƙirga, bara sau 4 ne har da wanda aka kwantar da shi bayan babbar sallah. Hajiya dan Allah kwanciyar nan kafin cin abinci kike yi ko bayan? Don Baba da ya karya kumallo sai ya ce bacci.