'Yar tsanar da nake saƙawa ta ƙi kama da Mama, ku ba ni shawara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu saƙa. Shekara biyu ke nan ina riƙe kwarashi, amma huluna da takalman jarirai kawai na saba. Yayata ce ta roƙe ni in saƙa mata 'yar tsana mai kama da mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, daga wani hoto da take murmushi sanye da tabarau, wushiryarta a fili. Sau uku ina warware kan. Ido, hanci, baki, duk na sa, amma in na ɗaga ta na kalla sai in ga baƙuwa. Ga farar audugar da na cusa tana leƙowa ta tsakanin zaren. Kwarashina mai milimita 4 ne, zaren kuma ulu mai ruwan ƙasa. Ina kuskuren yake?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta. Leƙowar audugar nan laifin kwarashin ne, ya yi wa aikin girma. Wannan saƙar, wadda Japanawa ke kira amigurumi, matsewa take so. Ki sauko milimita 2.5, ki koma zaren auduga, shi ba ya tashin gashi. Ki fara da ƙulli 6 a zoben zare, kina ƙara 6 a kowane zagaye: 12, 18, 24. In har yanzu farin na leƙowa, ki zuba audugar cikin siririyar safa mai duhu kafin ki cusa.

Amsa ta biyu:
Ƙanwata, ni ma na sha wannan wahalar. Kina neman kamannin a inda ba ya nan. Zare ba zai fitar da fuska kamar hoto ba, kuma in kika matsa sai fuskar ta cunkushe. Ki rufe hoton, ki tambayi kanki: da me muke gane Mama tun daga nesa? Abu biyu ko uku ne kawai. Ai kin ma faɗi biyu, tabarau da wushirya. Tabaran ki lanƙwasa siririyar waya ki naɗe ta da baƙin zare. Wushiryar kuwa ɗinki biyu ne na farin zare, ki bar ɗan tsaga a tsakani. Sai gira, wadda kullum ake rainawa. Ɗaga ta kaɗan, fuskar ta yi fara'a. Sauke ta, ta zama mai faɗa. Kada ki ɗinke komai sai kin soka shi da fil, kin ajiye 'yar tsanar nesa, kin kalla da safe kin sake kallo da yamma.

Amsa ta uku:
Idon da yawancinmu ke sawa ya cika hawa goshi. Ki sauke shi zuwa tsakiyar kan. Kuma in yaro ɗan ƙasa da shekara 3 zai taɓa ta, kada ki sa idon roba, ki ɗinka da zare. Launin fata a hasken rana ake zaɓarsa, fitila ruɗi take yi.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Na rufe hoton kamar yadda Yaya mai amsa ta biyu ta ce, sai na tuna Mama kan karkatar da kai hagu in tana sauraron mutum. Na sauke idon layi biyu, na soka girar da fil, na ɗan karkatar da wuyan. Ban ma kai ga tabaran ba hawaye ya zubo min. Wace waya kuke amfani da ita wadda ba ta tsatsa?