Neman kalmar Hausa: me za mu kira "flame retardant"?

Jama'a a taimaka. Sinadaran nan ne da kamfanoni ke cuɗawa cikin robar bayan talabijin da kwamfuta da soson kujera don kada su yi saurin kamawa da wuta, fitattu a cikinsu su ne dangin PBDE masu ɗauke da wani sinadari mai suna buromin. In za ka yi wa ɗan gwangwan ko ɗan jari bola bayaninsu me za ka ce masa?

Da farko wani ya ce "maganin gobara". Malam wannan kam ban yarda ba, Bahaushe in ya ji magani ai alheri yake tsammani, wani ma sai ya ɗauka laya ce. Abin da a 1973 aka yi kuskuren haɗa ɗan uwansa PBB da abincin dabbobi a jihar Mishigan ta Amurka har sai da aka hallaka shanu kusan 30,000 da kaji sama da miliyan ɗaya, mutane kuma sun riga sun sha nonon sun ci naman, shi za mu kira magani? Haba.

Wata 'yar uwa ta kawo "kashe-wuta", to wannan aikin 'yan kwana-kwana ne, shi ba ya kashe komai. "Hana-wuta" ya fi kusa, ya bi tsarin su hana-salla, amma fa bai hanawa ɗin, jinkirtawa kawai yake yi roba ta ɗau lokaci kafin ta kama, sannan mu nan in ka ce hana wuta kowa NEPA zai tuna.

Ni dai "birkin gobara" na fi so. Birki rage gudu yake yi, kuma kalma ce da yaro da tsoho sun sani.

Dalilin da ya sa na dage kada sunan ya yi daɗin ji shi ne yadda abin yake shiga jiki. Ba a ɗaure PBDE da robar ba, gauraya shi kawai aka yi, so robar tana tsufa shi kuma yana fita a hankali yana bin ƙurar ɗaki, yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki shikenan ya haɗiye, kuma baya fita da wuri, kitse yake bi ya zauna har cikin nonon uwa. A Suwidin ne aka lura a ƙarshen shekarun 1990 cewa yawansa a nonon mata yana ninkawa kusan duk shekara 5. Siffarsa ta yi kama da sinadarin da ƙwayar maƙogwaro (thyroid) ke fitarwa, wanda ƙwaƙwalwar jariri ke buƙata, shi ya sa likitoci suka damu. Yarjejeniyar Stockholm, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan sinadarai masu guba, ta sa wasu daga ciki a jerin haramci a 2009, ta ƙara wani nau'insu mai suna decaBDE a 2017, amma tsofaffin kayan ai suna nan, su ne ake saukewa kasuwar Alaba ta Legas, su ne samari suka yi ta ƙonawa a filin gwangwan na Agbogbloshie da ke Akara ta Ghana don cire jan ƙarfe kafin a rushe wurin a 2021.

Ku gwada a baki ku ji: "kar ka ƙona bayan talabijin ɗin nan, akwai birkin gobara a ciki, hayaƙinsa guba ne." Ni ya zauna min. Mutanen Maraɗi da Damagaram, ku ma birki kuke cewa ko akwai wata kalmar a wajenku?