Shekara Bakwai a Bayan Teku: Musayar Waƙa kan George Loveless da Matarsa

Malam Na-Bakin-Kasuwa

Assalamu alaikum. Wannan makon Ingila za mu, shekarar 1834, wani ƙauye mai suna Tolpuddle a gundumar Dorset. 'Yan ƙwadagon gona shida aka kama a can, babbansu George Loveless, mai wa'azi a cocin Methodist. An zaftare musu lada daga sule 9 a mako zuwa 7, ana shirin mai da shi 6, sai suka kafa ƙungiya. Kafa ƙungiya ba laifi ba ne a lokacin, saboda haka aka tono wata doka ta 1797 da aka yi don sojan ruwa masu tawaye, wadda ta hana rantsuwar sirri, aka ɗaure su da ita. Ni zan ari bakin George, zan kira shi Joji don baiti ya zauna. Sharaɗi ɗaya ne: kowane baiti ya ƙare da "ya".

Da sunan Rabbu na ɗau alƙalami,
Ya ba ni basira, ya ƙara ilimi,
In ari bakin talaka jarumi,
Da ya faɗa hannun alƙali azzalumi,
Ya tura shi can bayan duniya.

Ni ne Joji, ƙwadago ne aikina,
Gonar wani ce take shan gumina,
Sule tara a mako shi ne ladana,
Suka mai da shi bakwai a kan idona,
Wai shida ma tana tafe a hanya.

Sule bakwai ba ya korar yunwa,
Burodi ɗaya sai an yi rabawa,
Gindin itace muka zauna tattaunawa,
Muka ce ƙasa da goma ba mai karɓawa,
A nan muka ɗaura ƙungiya.

A ɗakin mijin 'yar'uwata da dare,
Sabon shiga idanunsa a ɗaure,
Ya rantse sirrinmu zai tsare,
Ashe da mai tona asiri muke tare,
Ya kwashe ya kai wa masu dukiya.

Asuba na fito, sanyi na ratsa rigata,
Ɗan sanda ya tare ni kusa da ƙofata,
Ko sallama babu tsakanina da matata,
Mil bakwai na taka da ƙafata,
Zuwa Dorchester, mu shida a jere ɗaya.

Alƙali ya ce ba don ɓarnar da na yi ba,
Ba don wani sharri da ya ga na ƙulla ba,
Sai don na baya su ji tsoro su duba,
Shekara bakwai, ni da iyali ya raba,
A haye da ni teku zuwa Tasmaniya.

Uwar Biyu

Allah gafarta Malam, waƙa ta yi. Amma ku maza kullum wanda ya hau jirgi kuke wa kuka. Wadda aka bari da yara fa? Ni na ari bakin matarsa Elizabeth, wadda yake kira Betsi. Ku sani James Frampton, attajirin da ya kitsa kamun, shi ne kuma ya hana a ba matan tallafin da ake ba matalauta a gunduma. Ƙwar huɗu zan yi, tuwona na kan wuta.

Kai ka tafi, Joji, ni aka bari,
Da yara uku da buhu ba ko gari,
Ana nuna ni da baki a cikin gari,
Wai ga matar fursuna, abin kunya.

Na je neman abin da ake ba talaka,
Frampton ya ce wai mu muka so haka,
Mai kuɗin zubin ƙungiya ba ya kuka,
Na dawo gida babu ko ƙwaya.

Da mutuwa ka yi, da na san kushewa,
In zub da hawaye, in fara sabawa,
Ga aure a kaina, miji ba ya ganuwa,
Ban san ko kana raye ba a duniya.

In na rubuta cewa auta na kwance,
Wata huɗu kafin ka ji wannan zance,
Ko dai ya warke, ko kuwa ya wuce,
Kai kana can kana masa fatan lafiya.

Ba dangi suka riƙe mu ba, ba sabo,
Leburorin Landan ne, kwabo-kwabo,
Suka tara suka aiko, kowa da rabo,
Da shi nake ɗora tukunya.

Baba Mai Rediyo

Hajiya, baitin auta ya sa na ajiye shayina. Amma kafin in amsa, Malam, ka yi riga-malam-masallaci. A 1834 babu Tasmaniya, sunan tsibirin Van Diemen's Land, sai 1856 aka sauya. Na san amsa-amo ne ya ja ka, an yafe.

Joji kaɗai aka kai can, don ba shi da lafiya lokacin da aka ɗebi sauran biyar zuwa Sidni a Ostareliya. Ya bar Ingila a ƙarshen Mayu, ya sauka Hobart, babban garin tsibirin, 4 ga Satumba. Tsakanin 1788 da 1868 kimanin mutum 162,000 Ingila ta kwasa zuwa Ostareliya a haka, da yawansu a kan 'yar sata. Mu ma mun ɗanɗani hannun mutanen nan, Sarkin Kano Alu a Lokoja ya rasu a 1926. Sai dai sarkin da aka tsare daban, leburan da ake raba wa masu gona kamar jakai daban. Ga amsar Joji:

Betsi, kar ki ce na kwana a katifa,
Ruɓaɓɓen jirgi ne, can aka jefa
Mijinki, da mari mai nauyi a ƙafa,
Dare ƙwari, rana aiki da zufa,
Kafin a ɗebe mu a kama hanya.

Ƙarshen Mayu muka bar gaɓar Ingila,
An cusa mu ƙasan jirgi, ba fitila,
Amai da kwarkwata, kowa da wahala,
Mai ciwo na nishi ba mai kula,
Sai Satumba muka ga ƙarshen tafiya.

An fara sa ni titi cikin 'yan sarƙa,
Gari na wayewa diga za a miƙa,
Bulala mai jela tara, da jini take jiƙa,
Na ga fatar bayan ƙato ta koma baƙa,
An ba shi hamsin, ana ƙirgawa ɗaya-ɗaya.

Sai gonar gwamnati, na zama makiyayi,
Bukkar kwana ba rufin kirki, ga sanyi,
Disamba zafi, Yuni hunturu, wane yanayi!
Dabba ta ɓata, a kaina nauyi,
Ina kiwon tumaki, wa ke kiwon 'ya'ya?

'Yar Aji Uku

Iyayena, ku yi haƙuri in sa baki, ban ƙware ba. A 1830 Gwamna George Arthur, wanda Joji ya tarar a kan mulki, ya jera mutum sama da 2,000, soja da 'yan kama-wuri-zauna har da fursunoni, suka ratsa tsibirin don su tattare 'yan asalin ƙasar. Biyu kacal suka kama a wannan fitar. Daga baya aka lallashi ragowar aka kai su tsibirin Flinders, mafi yawansu can suka mutu.

Baba, na ji kukan mai kiwo da tunkiya,
Amma ciyawar da take ci, ta wa ce a gaskiya?

Akwai masu ƙasar tun kafin zuwan Birtaniya,
Baƙar fata ne, a nan suka binne cibiya.

Aka farauce su da bindiga babu kunya,
Ragowar aka zube a Flinders gaba ɗaya.

Joji na da Betsi mai tuna shi dare da safiya,
Su wa ya cika musu titin Landan ko rana ɗaya?

Baba Mai Rediyo

'Yata, ba ni da amsa. Kin ce ba ki ƙware ba, ga shi kin rufe bakin tsoho.

Kwamared Ɗan Reluwe

Tunda an ambaci titin Landan, nan ne wurina. Ranar 21 ga Afrilu 1834 dubun dubatar ma'aikata suka taru a filin Copenhagen Fields suka yi jerin gwano zuwa ofishin Lord Melbourne, ministan cikin gida. Sa hannun da aka tara a faɗin ƙasar ya kai 800,000. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne hujjar da ta karya gwamnati: ƙanen sarki, Duke na Cumberland, shi ne shugaban ƙungiyar Orange ta 'yan Furotesta, su ma rantsuwar sirri suke yi. 'Yan majalisa suka ce to, in doka ɗaya ce, a haɗa da shi. A Maris 1836, lokacin Lord John Russell ne ministan cikin gida, aka yi wa shidan afuwa.

Wata guda da hukunci Landan ta cika,
Maƙeri da tela da kafinta suka taka,
Takardar koke a kafaɗa suka ɗauka,
Melbourne ya ƙi karɓa, ya ɓoye fuska,
Suka ce mu dai ba ma ja da baya.

Shekara biyu ana bugawa tun da zafi,
Majalisa da jarida, harshe mai kaifi,
Har gwamnati ta ga abin ya fi ƙarfi,
Russell ya sa baki aka yafe laifi,
Tsintsiya ce ta share, ba tsinke ɗaya.

Uwar Biyu

Kwamared, sannu da tafi. Ku in an sa hannu a takarda kun gama, sai ku naɗe tuta ku tafi gida. Ba ka faɗa musu cewa hukumar tsibirin ta yi ta matsa wa Joji ya aika a kawo masa iyalinsa ba. Ya daɗe yana ƙi, don ba ya so su zo su ga abin da yake gani. A farkon 1836 ya gaji ya rubuta. Ka lissafa watannin da kanka.

Sun matsa maka, ka rubuto in taso,
In sayar da tarkace, yara in kwaso,
Kafin takardarka hannuna ta iso,
Afuwa ta fito, ita ma ta kama hanya.

Takardu biyu sun yi saɓani a teku,
Ɗaya na cewa zo da yaranki uku,
Ɗaya na cewa ai an sallame ku,
Wacce zan bi? Duka biyun gaskiya.

Baba Mai Rediyo

Hajiya ta kai mu inda nake so. Lokacin an riga an mai da shi gonar wani Manjo kusa da garin Richmond, kuma ba wani jami'i da ya taka ya gaya masa an yafe masa. A jarida ya gani.

Ba wanda ya gaya mini, sai a jarida,
Ta kwana biyu, na samu wurin ubangida,
Na ga an yafe mana, ga shi ga shaida,
Ga jirgi kyauta mai kai ni gida,
Na ce tsaya, ina labarin uwar 'ya'ya?

In na hau jirgi ashe ke ma kin hau,
Ki iske ba ni a Hobart, ai babu kyau,
Na zauna jiran amsarki, jiya kamar yau,
An sake ni, amma nauyinki na ɗau,
Sai Janairu na juya wa tsibirin baya.

Ya isa Landan a Yuni 1837, wata 15 bayan afuwar da Kwamared ke yi wa kirari.

Kwamared Ɗan Reluwe

Na karɓi bulalata, Baba. Amma a rubuta mana wannan: kwamitin ma'aikatan Landan ne ya tara kuɗi ya kama musu hayar gonaki a gundumar Essex da suka dawo.

Uwar Biyu

An rubuta. Ga yadda zaman ya ƙare, wajen 1844:

A Essex aka kama mana gona muka zauna,
Masu ƙasa da limamin coci babu ƙauna,
Afuwa ta goge laifi, ta bar suna,
Ka ce mu bar musu Ingila gaba ɗaya.

Ka ce Kanada ce, da nisa, ki yi tunani,
Na ce nisa kuma wa zai koya mini?
Wancan karon kai ka hau aka bar ni,
Wannan karon ni na fara ɗaure kaya.

Malam Na-Bakin-Kasuwa

Hajiya, na sallama, alƙalamin wannan mako naki ne. Biyar daga cikin shidan Kanada suka ƙare, a yankin wani gari da shi ma ake kira Landan a Ontario, can Joji ya rasu a 1874. James Hammett kaɗai ya koma ya zauna a Tolpuddle yana aikin gini. Shi ne na ƙarshen dawowa daga Ostareliya, sai 1839. Da tsufa ya zo ya makance, ya rasu a gidan gajiyayyu na Dorchester a 1891, garin da aka yanke masa hukunci. Duk cikinmu ba wanda ya ba shi ko baiti ɗaya. Wa zai ari bakinsa? Amsa-amo yana nan a "ya", kuma 'Yar Aji Uku, kar ki ce mana kina da jarrabawa.