Punk da reggae a waƙa ɗaya: me ke sa kiɗan watsewa?

Ɗan Samaru: Salamu alaikum. Muna da waƙa kan tsadar rayuwa, baitoci da reggae, amshi da punk (kiɗan rock mai sauri da ƙara). Da mun shiga amshi sai mai ganga ya ɓace, kalmomin ma ba sa fita. Ina gyaran yake?

Mai Bass Kongo: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ku canza gudun kiɗa zuwa wani daban, ku ninka shi kawai. Baiti a bugu 80 a minti, amshi a 160, ƙirga ɗaya ce. A baiti babbar ganga da gefen ƙaramar su faɗo tare a bugu na 3, a bar na 1 fayau. Jita ta sara a na 2 da na 4, a danne wayoyin nan take; in sautin ya yi jela, reggae ɗin ya mutu. Haɗin punk da reggae ya yi ƙarfi a Landan ƙarshen shekarun 1970, zamanin Rock Against Racism, ƙungiyar yaƙi da wariyar launin fata ta hanyar kiɗa, da aka kafa a 1976.

Injiniya Sabon Gari: Ƙarar jita ce ke cinye murya, suna haɗuwa wajen 2 zuwa 3 kHz (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne, kHz kuma Hz dubu). Rage jita 3 dB (ma'aunin ƙarfin sauti) a nan, a na'urar daidaita sauti. Yanke ƙasa da 80 Hz a makirufo, ya rage gurnanin 50 Hz na wuta da janareta.

Yaya Hajo T/Wada: Ƙanena, duba karin harshe. In waƙar ta ɗaga gaɓar da Hausa ke saukewa, ko ta gajarta dogon wasali, mai sauraro zai rasa kalmar. Amshi kada ya wuce layi 2, don jama'a su iya karɓa.