Masu teku da masu tudu: musayar waƙa kan Afirka

Malam Na-Zazzau:
Salamu alaikum 'yan majalisa. Ga sabon fage: Afirka, ƙasarta da ruwanta da iyakokinta. Ƙwar huɗu za mu yi, babban amsa-amo "ya". Bismillah.

Da sunan Allah na ɗau alƙalami,
In auna Afirka da ma'aunin ilimi,
Ƙasa hamsin da huɗu, riƙe, malami,
Ke da kujera a Majalisar Duniya.

Bahar Rum a arewa ta yi rawani,
Sahara na biye, uwar ɗakin rani,
Daga Muritaniya ta miƙe, ka gani,
Ba ta tsaya ba sai gaɓar Maliya.

Sudan ce da can take riƙe da kambu,
Ta rabe biyu, girman nan yanzu babu,
Juba ta ɓalle, ka ji babban abu,
Sai faɗi ya koma hannun Aljeriya.

Kilimanjaro ya sa farar hula,
Ta ƙanƙara, zafin rana bai kula,
Ya kere tsaunuka, taho ka kalla,
Yana tsaye a ƙasar Tanzaniya.

Don masu ɗaukar darasi: Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011, tsayin Kilimanjaro kuma mita 5,895.

Bakano Ɗan Kurmi:
Bazazzage ka zaɓi "ya" don wayo,
Rabin ƙasashen nan da ita suke goyo,
Wannan ai aikin ɗan aji ne mai koyo:
Libiya, Zambiya, Gambiya, Namibiya!

In ka isa yi amsa-amo da Jibuti,
Ko Lesotho da ke kulle cikin akwati,
Afirka ta Kudu ta kewaye ta har titi,
Ba ƙofar fita sai ta gidan maƙwabciya.

Malam Na-Zazzau:
Bakano, me ya haɗa ka da karatu?
Taswirarka rasit ce, ita ce rubutu,
Ƙasar da ba ta sayen atamfa da fatu,
A wurinka ba ta cikin duniya.

'Yar Tudun Wada:
Allah ya ja kwana Malam! An gama da Bakano tun kafin a yi nisa. A kawo wani.

Bakano Ɗan Kurmi:
'Yar Tudun Wada, ke ko tari Malam ya yi sai ki ce ya hau kari. Sau biyu ya rufe baiti da "duniya" ba ki gani ba.

Ɗan Agege:
Ku bar wannan, ku zo mu ƙirga marayu,
Sha shida ne ba su da teku, yaya za su rayu?
Nijar da Chadi, ga maƙwabta biyu,
Ba su san jirgin ruwa ba sai a tatsuniya.

Mali da Burkina, Uganda, Habasha,
Kowacce na roƙon maƙwabci tasha,
Addis ta Jibuti take ci take sha,
Tun ran da teku ya bi Eritiriya.

Shekarar 1993 ke nan, ga mai son ya duba. Ina Ɗan Damagaram? Na san yana leƙe.

Ɗan Damagaram:
Ina nan, ƙanena.

Ɗan Agege, tekunka gishiri ne zalla,
Ka taɓa sha, ko ko ido ne ke kalla?
Ruwan leda kake bi wurin 'yan talla,
Ruwa har bangon duniya, babu na ƙwarya.

Kwara da ke ba ku wuta a Kainji,
Ta Yamai take bi, tsaya ka ji,
In mun gama dam ɗinmu na Kandaji,
Da tulu za ka zo, kana jin kunya.

Ta-Maraɗi:
Kainji, ka ji, Kandaji! Wallahi yau an yi waƙa. Damagaram ta ɗauki kofi, a rufe fagen kawai.

Ɗan Agege:
Hajiya, kofin ba naki ba ne balle ki bayar.

Wutar Kainjin nan ku ma kuna ja,
Ran da aka datse layin daga Abuja,
Yamai ta kwana duhu, ido ya yi ja,
Aci-balbal ta zama sarauniya.

Man Agadem ma da kuke wa kirari,
Bututu ya ɗauke shi ya ratsa sarari,
Ya sauka Seme, a Benin ne gari,
Mai tudu dole ya gai da mai hanya.

Ta-Maraɗi:
Ku yara, wa ya raba Katsina da Maraɗi?
Turawa a Berlin, kan tebur suna taɗi,
Suka ja layi a tsaye, suka ja a faɗi,
Ba wanda ya tambayi mai rijiya.

Gambiya kogi ce aka bai wa tuta,
Senegal hagu da dama ta rufe ta,
Dangi ɗaya, harshen boko ya bambanta,
Wannan na Faransa, wancan na Birtaniya.

Alƙalin Fage:
Hajiya, baitin Gambiya ya yi daɗi, amma na farkon yana buƙatar gyara. Taron Berlin na 1884 zuwa 1885 dokokin wawaso ya tsara, ba a can aka ja layin da ya ratsa ƙasar Hausa ba. Ingila da Faransa ne suka yi ta ciniki tsakaninsu daga baya: a 1890 suka ce daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi, suka sake zama a 1898, suka kuma sake a 1904 da 1906. Faransawa hanya mai rijiyoyi suke nema daga Kwara zuwa Zinder, shi ya sa aka yi ta tura layin kudu.

Ta-Maraɗi:
To Alƙali, ashe rijiyar suka tambaya, ba mai rijiyar ba. Baitina na nan daram. Kuma nan fagen waƙa ne, in za ka gyara ni, gyara ni da baiti.

Babarbaren Baga:
Kuna ta Kwara, kun manta da tafki,
Ƙasa huɗu na kansa suna aiki,
Bandar Baga a mota, da can a jaki,
Chadi, Nijar, Kamaru, Najeriya.

Shari ne ke shayar da shi daga kudu,
Logone na taya shi, suna gudu,
Yobe na kawo nata daga tudu,
Ba ya zuwa teku, nan yake kwanciya.

Jauro Mai Sanda:
Babarbare, tafkin nan naka ya ƙafe,
Inda kwalekwale ke bi da safe,
Yau shanuna ne ke kiwo a gefe,
Ka sai da taru ka sayi akuya.

Ruwan yamma daga Futa Jalo ya sauka,
Senegal da Gambiya can suka ɗauka,
Kwara ma tamu ce, in ji kaka,
Binuwai ta Adamawa ce, gaskiya.

Alƙalin Fage:
Jauro, kogin Senegal da na Gambiya naka ne, Binuwai ma daga tudun Adamawa na Kamaru take. Amma Kwara daga tsaunukan kudancin Gini take fitowa, dab da iyakar Saliyo. Teku na kusa da ita a can, ta juya masa baya, ta yi Bamako, ta shafi gefen Tumbuktu, sannan ta karyo kudu ta tarar da Binuwai a Lakwaja, ta faɗa teku bayan tafiyar kusan kilomita 4,180. Reshenta Tinkiso ne ya fito daga Futa.

Jauro Mai Sanda:
Reshe ba ɗan gida ba ne? Wanda ya ba ka maraƙi ai ya ba ka saniya. Alƙali, kakata ta girme ka.

Babarbaren Baga:
A shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, farin shekarun 1970 da 1980 ne ya cinye shi. Amma mai cewa ya mutu bai zo ya gani ba.

Jauro, tafkin kan ja baya ya dawo,
Ranar ka tarar da ruwa a wurin kiwo,
Kai da ba ka da adireshi sai yawo,
Iyaka goma ka tsallake da sanda ɗaya.

Malam Mai Aruli:
Na yi shiru na ga gudun ruwanku, amma abin ya ishe ni. Ɗan Agege, dubi baitinka na marayu: ɗangon farko gaɓa 12, na uku 11, na biyu kuma 15. Wannan ba baiti ba ne, raƙumi ne da kaya gefe ɗaya. Sannan "marayu" da "rayu", haba! Malam Na-Zazzau kuma ya haɗa "hula" da "kalla". Tun daga sama har nan ban ga wanda zan ce ga bahari, wato karin waƙa, da ya hau ba.

Ɗan Agege:
Malam, ƙasa 16 na ɗora wa ɗangon, dole ya yi nauyi.

Bakano Ɗan Kurmi:
Allah gafarta Malam, ai aruli ba ƙirgen gaɓa ba ne, nauyi da sauƙi ake aunawa. Kai da kanka ka koya mana haka a fagen da ya wuce. Kuma makaɗan fada da na noma wa ya karantar da su karin Basiɗ da na Kamil? Kalangu da kotso ne ma'auninsu, ba a taɓa jin sun yi tuntuɓe ba.

Malam Mai Aruli:
To ina kalangun a nan? Rubutacciyar waƙa muke yi, ba kiɗan da zai rufa maka asiri. Da za a rera baitin Ɗan Agege sai mai rerawa ya haɗiye gaɓa uku. Ga karin Mutaƙarib ku ji yadda ake yi:

Farin Nilu ya zo ta Juba, ku ji,
Da Shuɗi a Khartum su koma ɗaya.

A Tana ya taso ya ɗauko ƙasa,
Ya kai wa Masar, ta ci ba ta biya.

Da Addis ta toshe da dam mai wuta,
Masar sai ta ce an riƙe min wuya.

Ku yanka shi ku gani: fa'ulun, fa'ulun, fa'ulun, fa'ul. Dam ɗin shi ne wanda Habasha ta fara ginawa a kan Shuɗin Nilu a 2011, aka ƙaddamar a 2025.

'Yar Tudun Wada:
Kari ya zauna Malam, amma an ce ƙwar huɗu ka kawo ƙwar biyu. Rabin aiki ka yi.

Bakano Ɗan Kurmi:
Kuma "su koma ɗaya" fa? Hausa "suka koma" take so. Ka ceto fa'ulun ka yanka nahawu. Wannan "ku ji" ɗin ma ciko ne, kowa ya gani.

Malam Mai Aruli:
Lalurar waƙa ce, malamai sun halatta.

Bakano Ɗan Kurmi:
In taka ce lalura, in ta Ɗan Agege ce raƙumi.

Ta-Maraɗi:
Ni dai "ta ci ba ta biya" ta biya ni. Malam, ka bar su.

Jauro Mai Sanda:
Hajiya ɗazu kin ba Damagaram kofi, yanzu kin ba Malam. Kofi nawa kika zo da su?

Malam Na-Zazzau:
Jama'a, Afirka muka zo aunawa, kun koma auna juna. "Hula" da "kalla" kuwa duk "la" ne, mu haɗu da Malam a wani fagen.

Ku bar faɗan kari mu leƙa Kwango,
Kinshasa da Brazabil, kogi ne bango,
Manyan birane biyu, kowa na hango
Ɗan'uwansa a tsallake, ba gada ko ɗaya.

Wa zai karɓa? Akwai Tafkin Victoria na ƙasa uku ba wanda ya taɓa, akwai hamadar Namib da Kalahari.

Malam Mai Aruli:
Ka tsinke magana tsakanin ɗango na uku da na huɗu, sai mutum ya tsallaka kafin ya san abin da ake hangowa.

Malam Na-Zazzau:
Tsallaken ne ma'anar, Malam. Kogi ne a tsakani.

Ɗan Damagaram:
Ku yi haƙuri na makara, na ga Ɗan Agege ya sha iska da yawa. Bashinsa zan biya, Kwango ta jira.

Tekunmu rairayi ne, Tenere sunanta,
Raƙumi ne jirgi, Agadas tasharta,
Bilma da gishiri, Kano ta san ta,
Tun Ikko ba ta da ko titi ɗaya.

Kun rufe iyaka wai mu durƙusa,
Sai kuka ya tashi a nan kusa,
Illela da Jibiya ciniki ya yi ƙasa,
Kun ɗaure mu, ƙafarku na cikin igiya.

Ɗan Agege:
Yayana, kun bar ECOWAS a Janairun 2025 ku da Mali da Burkina, ku uku ba mai gaɓar teku.

Makafi uku sun kama sanda guda,
Kowa na tambayar ɗan'uwa ina gada,
Lome ce dai za ku bi, ba wata dabara da
Za ta kawo muku kwantena ta samaniya.

Alƙalin Fage:
Ban da siyasa, don Allah. Kuma Ɗan Agege, ba a rufe ɗango da "da".

Ɗan Damagaram:
Bar shi Alƙali, kwantenar ce ta faɗo masa a tsakiyar baiti.

Baƙuwa Daga Kumasi:
Sallama, yanzu na shigo, ban karanta duka ba. Malam Na-Zazzau nake amsa wa, tun na farko.

Malam ka zana Afirka ka manta tsibiri,
Madagaska na gabas tana ta haƙuri,
Ta huɗu a duniya wajen girma, ba ƙari,
Antananarivo ce babban birni, ka riƙe a zuciya.

Bakano Ɗan Kurmi:
Sannu da zuwa 'yar'uwa. Ki ɓuya, Malam Mai Aruli na ƙirge.

Malam Mai Aruli:
Na gama. Antananarivo kaɗai gaɓa 6 ce, ɗangon gaba ɗaya 18. Ɗan Agege, an karɓe maka kambu.