Allurar baya da zafin bayan tiyatar haihuwa

Amarya: Assalamu alaikum iyaye da yayye. An sa mini ranar tiyata saboda jaririn ya zo a gicciye. Likita ya ambaci efidural, wato allurar baya da ke kashe jiki daga ciki zuwa ƙafafu don kada a ji zafi, ni kuma an ce tana barin ciwon baya har abada. Ku ba ni shawara don Allah.

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah Ya raba lafiya. Ita aka yi mini. 'Yar siririyar roba ce ake bari a baya a manne da filasta, ta nan suke ƙara magani. Washegari na tashi zaune na ba yara nono. Ƙaiƙayi ne kawai ya dame ni, har fuska.

Anti Nas: Amarya, fara tambayar wacce za a yi miki, don iri biyu ce. Wadda aka fi yi a asibitocinmu sau ɗaya ake yin ta, bayan awa 2 zuwa 4 ta sake ki. Efidural kuwa robar na iya kwana ɗaya ko biyu. Idan an haɗa da mofin, wani magani mai ƙarfi na kashe zafi, sauƙin kan kai kusan awa 24, kuma shi ke kawo ƙaiƙayin nan da tashin zuciya. Wurin allurar zai yi tsami na 'yan kwanaki, amma bincike bai nuna tana jawo ciwon baya na dindindin ba. Goyon ciki da sunkuyon raino sun fi jawo shi.

Hajiya Babba: 'Yata, ni roƙona ɗaya. Kada kowa ya matsa miki da ruwan wankan jego mai ƙuna alhali ƙafa ba ta gama dawowa ba, sai ki ƙone ba ki ji ba. Ɗinkin ma a bi yadda likita ya ce.

Anti Nas: Gaskiya ne Hajiya. Sannan kafin a cire robar a fara ba ki farasitamol da ibufurofen a kan lokaci, kada ki jira zafi ya taso. In kina da olsa, asma, ciwon ƙoda ko hawan jinin ciki, ki faɗa kafin a ba ki ibufurofen. Kodin da tiramol ba na mai shayarwa ba ne, suna bin nono su sa jariri barci mai nauyi. In ana yi miki allurar hana daskarewar jini, ki tuna musu, don sai an daidaita lokacinta da cire robar.

Maman 'Yan Biyu: Anti, ciwon kan nan da ke biyo bayan allurar fa? Maƙwabciyata ta sha shi.

Anti Nas: Wanda ke tsananta in an zauna, ya lafa in an kwanta? Yana da magani, a gaya wa likitan da ya yi allurar. Amma ƙafa ta ƙara mutuwa maimakon ta farfaɗo, ko zazzaɓi da ruwa a wurin allurar, ko fitsari ya riƙa kufcewa, wannan ko tsakar dare ne a koma asibiti.

Amarya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Ranar awo zan nemi ganin likitan allurar, dama ina da olsa.