Neman shawara: In ba a zaɓi ƙanena ba, azumin Mama na mene ne?

Mai tambaya: Salama 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana biyu ke nan ban runtsa ba. Maganar ƙanena ce, mu biyu kaɗai Mama ta haifa. A Tudun Wada nan Jos muka tashi. Shi ke kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa, ni na ɗinka masa farar rigar da ya sa ranar baftismarsa, har yau tana ƙasan akwatin Mama. Bayan rasuwar Baba abin da ya faru ya faru, ya daina zuwa sujada, yanzu goskolo, barasar nan mai ƙarfi, yake sha safe da yamma. Mama kuwa duk Laraba azumi take, ga hawan jini, ta durƙusa kan tabarma tana kiran sunansa har muryarta ta dushe.

Ran Lahadi da yamma a binciken Littafi Mai Tsarki malaminmu ya karanta Romawa 9, inda Allah ya ƙaunaci Yakubu ya ƙi Isuwa tun ba a haife su ba. Ya ƙara da 1 Yohanna 2:19, cewa waɗanda suka fita daga cikinmu dama can ba namu ba ne. Jikina ya yi sanyi. In Allah ya gama zaɓen waɗanda za su sami ceto tun kafin a kafa duniya, wahalar Mama ta mece ce? In ce ta daina? Ni dai wata biyu ke nan na hana shi shiga gidana.

Dattijo daga Bukuru: 'Yata, malaminku bai faɗi ƙarya ba, buɗe Afisawa 1:4 ki gani. Gardamar nan ta girme mu duka, manyan malaman Kirista na dā sun sha yin ta. Agustin ya yi ta da Felajiyus a ƙarni na 5, Kalbin ya koyar da zaɓe a Janiba, almajiran Arminiyus suka musa a Holan, har aka zauna taron Dort daga 1618 zuwa 1619 aka ƙi ra'ayinsu. Mai zunubi kamar gawa yake, gawa kuwa ba ta ɗaga hannu ta zaɓi rai. Amma wa ya nuna miki littafin sunayen zaɓaɓɓun? Shi kansa Agustin shekaru uwarsa Monika ta yi tana kuka a kansa kafin a yi masa baftisma a 387. Wanda ya zaɓi mutum, shi ya shirya addu'ar da za ta jawo shi. Kada ki taɓa azumin mamanki.

Ɗan'uwa daga Unguwar Rukuba: Baba, da girmamawa, 2 Bitrus 3:9 fa? Ubangiji ba ya so kowa ya hallaka. Yohanna 3:16 ma "dukan wanda" ta ce. Wesli, babban mai wa'azi a Ingila, ya tsaya kan cewa alheri na kowa ne, mutum ke karɓa ko ya ƙi. In an rufe lissafi, me ke fitar da 'yan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai wa'azi ƙauye ƙauye? Yaya, ƙanenki da ƙafarsa ya fita, da ƙafarsa zai iya dawowa. Amma mai hawan jini ta bar azumi, ta yi addu'a kawai.

Mama 'yar zumunta: Ku maza da ayoyi! Mijina shekara da shekaru yana sha, duk wanda na kai wa kuka sai ya ce in ƙara haƙuri, ba wanda ya taɓa tako gidana da ko mudun masara. Ranar jana'izarsa kuwa coci ya cika maƙil. 'Yata, me ya sa kika rufe masa ƙofa?

Mai tambaya: Mama, keken ɗinkina ya ɗauka ya sayar, da shi nake ciyar da yara uku. Ba ku san abin da na gani ba. Ba ƙinsa nake ba.

Dattijo daga Bukuru: Ɗana, waɗanda Bitrus yake rubuta wa masu bi ne, karanta daga aya ta 1. Yohanna 6:44 kuma ta ce ba mai iya zuwa sai Uba ya jawo shi. Wa'azi muke yi don ta wurinsa ake kiran zaɓaɓɓu. Shekara talatin ina koyar da wannan.

Wata 'yar'uwa: Yaya, me ya faru bayan rasuwar Baban? Kuma an taɓa kai shi asibiti? Goskolo na cin hanta, muna gani a unguwa.

Mai tambaya: Wannan maganar gida ce, ba zan kawo ta nan ba. Asibiti kuma da wane kuɗi? Baba na Bukuru ya ce Mama ta ci gaba da azumi, ɗan'uwa ya ce ta bari. Gobe Laraba, tun asuba za ta shimfiɗa tabarmar nan. Me zan ce mata?